Zaitun Azbin: tarihin itacen da ba shi da suna a Hausa

A shekara ta 1911 ne masana tsirrai biyu Faransawa da ke aiki a Aljeriya, Battandier da Trabut, suka bayyana wani zaitun daji na duwatsun Hoggar, suka raɗa masa sunan hafsan Faransa Laperrine. Daga baya aka gano shi a Azbin, a kan Bagzan, Tamgak da Greboun. Yau ana ɗaukar sa a matsayin reshen zaitun gida, wato Olea europaea subsp. laperrinei. Buzaye kuwa sun san shi tun kafin zuwan Nasara, suna ce masa aleo.

Abin da ya shafe mu, mu masu nazarin harshe, shi ne yadda aka tattara sunayen. Dalziel, likitan Birtaniya, ya fitar da ƙamus ɗinsa na tsirrai a 1916 daga bakin Hausawan kudu. Peyre de Fabrègues ya yi irin wannan aiki a Nijar cikin shekarun 1970. Duk itacen da ke kan hanyar ayarin gishiri ya samu suna a harsuna biyu: kandili shi ne afagag, jiga ita ce agar. Fatake sun sha inuwarsu, raƙuma sun ci ganyensu. Amma ayari ba ya hawa tsauni, saboda haka zaitun ya tsaya da sunansa na Tamajak kaɗai. Mu kuma muka yi aron "zaitun" daga Larabci, kalmar da ke tuna wa ɗalibanmu Alƙur'ani da mai na kwalba, ba itacen ƙasarsu ba.

Wannan giɓi yana da nauyi. An kafa gandun Azbin da Tenere a 1988, faɗinsa ya haura murabba'in kilomita 77,000. UNESCO ta shigar da shi cikin kayan tarihin duniya a 1991, sannan cikin waɗanda ke fuskantar haɗari a 1992, lokacin tawaye. Binciken shekarun 2000 ya nuna cewa da wuya a ga ɗan tsiro daga iri: tsofaffin itatuwan daga gindi suke tohowa, awaki kuma na cinye tohon. Ma'aikacin gandun daji da aka turo daga Maraɗi ko Damagaram, in ya ga guntun kurmi mai siraran ganye da dabbobi suka gaigaye, da wane suna zai rubuta shi?

Kandilin Tenere da mota ta kayar a 1973 an kai gangar jikinsa gidan tarihi na Yamai, domin kowa ya san sunansa. A ganinmu, ƙamus na gaba ya kamata ya karɓi aleo yadda Hausa ta karɓi takoba da ayari.