Shari'ar Tehliriyan a Balin, 1921: Wa Ke da Hakkin Ɗaukar Fansa?

Ranar 15 ga watan Maris na 1921, wani saurayi Ba'armeniye mai suna Sogomon Tehliriyan ya harbe Talat Fasha a kan titi a birnin Balin na Jamus. Shi Talat ɗin nan ya riƙe muƙamin Ministan Cikin Gida na Daular Usmaniyya, daga baya kuma ya zama Babban Waziri. A ƙarƙashin ikonsa ne aka kwashe Armeniyawa daga garuruwansu tun daga 1915, aka kora su zuwa hamadar Sham. Masana tarihi da yawa sun ƙiyasta cewa kimanin mutum miliyan ɗaya suka halaka, ko da yake har yau gwamnatin Turkiyya ba ta yarda a kira abin kisan ƙare dangi ba.

To, abin lura shi ne duniya ba ta jahilci wannan ta'asa ba. Tun a watan Mayu na 1915 Ingila da Faransa da Rasha suka yi shelar cewa za su hukunta masu hannu a ciki. A 1919 kotun soja ta Santambul ta yanke wa Talat hukuncin kisa a bayan idonsa, amma ya riga ya tsere zuwa Jamus, ba a kuwa miƙa shi ba. Su ma manyan jami'an da Ingila ta tsare a tsibirin Malta, sakinsu aka yi a 1921 don musayar fursunoni. Watau dai an san laifin, an san mai shi, sai dai kowa ya kau da kai saboda maslahar siyasarsa.

Da aka gurfanar da Tehliriyan ranakun 2 da 3 ga Yuni, sai shari'ar ta juye, aka shiga tonon ayyukan mamacin. Masu taya alƙali yanke hukunci suka wanke saurayin bayan shawarar kamar sa'a guda.

Amma fa akwai abin dubawa. Tehliriyan ya gaya wa kotu shi kaɗai ya ƙulla abin, kuma a gabansa aka kashe mahaifiyarsa. Daga baya ta bayyana cewa wata jam'iyyar Armeniyawa ce ta tura shi cikin wani shiri na ɓoye, kuma ba ya nan lokacin da aka hallaka danginsa. Lalle an kashe su, amma hukuncin kotun ya jingina da wata ƙarya. Aibin ɗaukar doka a hannu ke nan: mai ƙara shi ne alƙali, shi ne hauni, babu mai binciken hujjarsa. Yau ya dace da mai laifi, gobe yana iya faɗa wa marar laifi.

Wani ɗalibi daga ƙasar Folan, Rafa'el Lemkin, ya bi labarin shari'ar, ya yi mamakin yadda doka take kama wanda ya kashe mutum ɗaya, ta ƙyale wanda ya kashe al'umma. Bai ɗauki bindiga a matsayin magani ba, sai ya nemi a gyara dokar kanta. Ƙoƙarinsa ya kai ga yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta hana kisan ƙare dangi, ranar 9 ga Disamba 1948.

Saboda haka alhakin harbin Balin bai tsaya kan wanda ya ɗana kunamar bindiga ba. Ya hau kan hukumomin da aka damƙa wa amanar shari'a suka ƙi zartar da ita. Duk ma'aikacin da ya danne ƙarar wanda aka zalunta, ya sani ƙofar ramuwar gayya yake buɗewa.