Schmidt: Maƙerin Da Ya Zaga Duniya Da Sunansa

Mai karatu, idan ka gama kallon fim ɗin Turawa, shin kakan tsaya ka karanta jerin sunayen nan da ke hawa allo a ƙarshe, ko kuwa kashe bidiyon kawai kake yi? To, daga yau ka riƙa dubawa, domin akwai tarihi a ciki. Ɗauki fim ɗin About Schmidt na 2002, wanda Jack Nicholson ya fito a ciki, aka kuma ɗauko shi daga littafin Louis Begley na 1996. Wannan suna Schmidt, da ake furta shi kamar "Shimit", Bajamushe ne, kuma ma'anarsa ba ta wuce "maƙeri" ba.

A da can, mutanen Jamus suna ɗaya kowa ke da shi. Daga wajajen ƙarni na 12 birane suka fara cika, aka samu Hans goma a unguwa guda, dole aka nemi abin bambancewa. Sai aka koma kiran mutum da sana'arsa, kamar dai yadda mu ma muke cewa Audu Maƙeri ko Sani Tela. Bambancin shi ne, su laƙabin ya manne wa zuriya, har jikan da bai taɓa riƙe guduma ba ya gaje shi. Da yake babu ƙauyen da zai zauna ba maƙeri, don shi ke yin garma da wuƙa da takalmin doki, sai sunan ya yawaita. A yau Müller, wato mai niƙa, shi ne na ɗaya a Jamus, Schmidt na biye da shi.

Rubutun ma yana tona asalin mutum. Schmid an fi samunsa a kudu, wajen Bavariya da Suwizalan. Schmitz kuwa na yankin kogin Rhine ne, musamman birnin Kolon, kuma harafin ƙarshen nan yana nufin "na maƙeri", wato ɗansa. Sannan akwai masu ƙari a gaba: Goldschmidt maƙerin zinariya ne, Messerschmitt maƙerin wuƙa. Ka ga kenan jiragen yaƙin nan na Messerschmitt da ke shawagi a finafinan Yaƙin Duniya na Biyu, sunan wani mai ƙera wuƙaƙe suke ɗauke da shi!

Tsallaka iyakar Jamus ka ga yadda kowane harshe yake da nasa. Ingilishi Smith, Holan Smit, Faransa Lefebvre, Italiya Ferrari, Folan Kowalski, Hangari Kovács, Rasha Kuznetsov, Larabawa kuma Haddad. Ba wai duk daga Jamusanci suka samo ba. Kowace al'umma ta girmama maƙerinta ne da bakinta. Don haka Stanley Kowalski da Marlon Brando ya fito a matsayinsa a 1951, da Winston Smith na littafin 1984 na George Orwell, da Will Smith, da motar Ferrari, duk 'yan maƙera ɗaya ne ta fuskar suna.

Amma inda labarin ya fi jan hankali shi ne lokacin da mai sunan ya sauya shi da kansa. A ƙarni na 16, malaman Jamus masu ji da Latinanci sukan ga Schmidt ya yi ƙauyanci, sai su fassara shi zuwa Faber ko Fabricius don a san su masu ilimi ne. Wannan sauyi na alfahari kenan. Akwai kuma na tsoro. Miliyoyin Jamusawa sun yi ƙaura zuwa Amurka a ƙarni na 19, kuma da Amurka ta shiga yaƙi da Jamus a 1917, ƙiyayya ta taso wa duk abin da ke da ƙamshin Jamusanci. Iyalai da dama suka mayar da Schmidt ya zama Smith don kada a ƙaurace wa shagonsu ko a tsangwami 'ya'yansu. Yau akwai Smith da yawa a Amurka da kakanninsu Jamusanci suke ji.

Marubuta ma ba a bar su a baya ba. Italo Svevo, marubucin birnin Trieste da ya wallafa La coscienza di Zeno a 1923, sunansa na ainihi Ettore Schmitz ne. Ya ajiye shi ya ɗauki sunan alƙalami. Shi kuwa Éric-Emmanuel Schmitt na Faransa bai taɓa nasa ba, kuma labarinsa na Monsieur Ibrahim ne aka mayar fim a 2003, inda Omar Sharif ya fito a matsayin dattijo mai shago.

To mu fa? Muna da unguwannin Maƙera da Sarkin Maƙera, amma mun fi jingina suna ga uba ko gari, shi ya sa sana'ar kaka kan ɓace daga sunan jika. Su kuwa takardar haihuwa ta riƙe musu ita ɗaruruwan shekaru, duk da wasu sun yar da ita da hannunsu. Don haka idan ka sake cin karo da Schmidt ko Smith a allo ko a bangon littafi, ka tuna akwai wani tsoho a bayansa, zaune gaban zugazugi yana dukan ƙarfe. Kai ma ka tambayi dattawan gidanku sana'ar da aka san kakanku da ita, tun suna nan.