Daga Tsibiri Zuwa Tibet: Sarauta a Bakin Iyaka

'Yan'uwa tsofaffin ɗalibai, mun karanta faɗuwar Alkalawa a 1808, amma sarautar Gobir ba ta mutu tare da Yunfa ba. Sarakunan Katsina da aka kora su ma sun kafa sabon zama a Maraɗi wajen 1819. Daga arewa suka riƙa kawo hari, ƙasarmu ta Zamfara kuwa tana tsakiya. A 1836 Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya karya su a Gawakuke, Sarkin Gobir Ali ya mutu a wurin. Duk da haka Gobirawa suka kafa Tsibiri.

Da Turawa suka zo, yarjejeniyar 1898 ta ba Ingila da'irar mil 100 kewaye da Sakkwato. Faransa ta koka cewa ba ta da hanya mai rijiyoyi zuwa Damagaram, sai aka gyara layin a 1904 da 1906. Tsibiri da Maraɗi suka faɗa Nijar, Sabon Birni ta zauna Nijeriya. Gobir ɗaya, tuta biyu.

Haka aka yi a Tibet. Ingila ta shata layin Makmahon a taron Simla na 1914, Sin ba ta amince ba. Sojojinta suka shiga Tibet a 1950, Dalai Lama ya gudu Indiya a 1959, aka gwabza yaƙi a 1962.

Mu namu layin bai jawo yaƙi tsakanin Nijeriya da Nijar ba, domin auratayya da fatauci sun riƙe zumunci. Wannan gado ne, wajibinmu mu kiyaye shi.