Katangun Dutse a Dazukan Amurka

A dazukan Masacusets da Konetikat, arewa maso gabashin Amurka, katangun dutse na nan jere, ba gona, ba manomi. Turawan da suka sare dajin ne suka tsince duwatsun da ke karya musu garma, suka jera su a kan iyakokin gonaki. A 1825 aka buɗe hanyar ruwa ta Iri, hatsin yamma ya kwararo da araha. Sannu a hankali manoma suka watse, daji ya dawo.

Mu fatake mun san irin wannan. Da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, ayarin raƙuma zuwa Tarabulus ya ƙarasa mutuwa. Yau da ƙungiyarmu ke biki, mu riƙa lura da sabuwar hanya tun ba ta kwashe mana ciniki ba.