Mark Twain da Littafin Tom Sawyer

A ƙasar Amurka akwai wani babban kogi da ake kira Misisifi. A bakinsa, cikin jihar Misuri, akwai wani ɗan gari mai suna Hanibal. Nan ne iyayen wani yaro, Samuel Clemens, suka koma da zama a shekarar 1839, yana da shekara 4 da haihuwa. Yaron nan shi ne duniya ta sani daga baya da sunan Mark Twain.

Bai daɗe a makaranta ba. Ubansa ya rasu a 1847 bai bar dukiya ba, sai aka kai shi koyon aikin ɗab'i. Da ya kawo ƙarfi ya koyi tuƙin jirgin ruwa a kogin, har ya sami takardar izini a 1859. Yaƙin basasa na 1861 ya tsai da zirga-zirgar jirage, daga bisani ya kama aikin jarida. Ko sunan nan Mark Twain daga kogi ya ɗauko shi. Kira ne na masu auna zurfin ruwa, ma'anarsa gaba biyu, watau ƙafa 12.

A 1876 aka buga littafinsa na Tom Sawyer, da fari a Landan, sa'an nan a Amurka. Labarin wani maraya ne da ke hannun innarsa, yaro mai wayon tsiya. Ran da aka sa shi shafe shingen gida da farar ƙasa don horo, ya yi ta nuna wa yara aikin yana da daɗi, har suka riƙa ba shi 'yan kayan wasansu don ya bar su su yi masa. Wata rana kuma shi da abokansa biyu suka gudu wani tsibiri, wai su 'yan fashin teku ne, suna kamun kifi suna kwana a daji. Mutanen gari suka ɗauka sun nutse. Ana cikin yi musu addu'a a coci sai ga su sun shigo.

Amma ba wasa kaɗai ke ciki ba. Tom da abokinsa Huckleberry Finn sun ga an kashe mutum a maƙabarta da dare, aka ɗora laifin a kan wanda bai ji ba bai gani ba. Tsoro ya rufe musu baki kwana da kwanaki, kafin Tom ya tsaya gaban alƙali ya faɗi gaskiya.

Wannan Huckleberry shi ne gishirin littafin. Ɗan mashayin gari ne, tufafinsa tsumma, ba ya zuwa makaranta, yakan kwana cikin tsofaffin ganguna. Uwaye ba su son ganinsa kusa da 'ya'yansu, yara kuwa kowa na burin ya zama kamarsa. Ba ƙagensa aka yi ba. Mark Twain da kansa ya bayyana cewa wani abokin ƙuruciyarsa ne a Hanibal, Tom Blankenship, wanda iyayensu suka hana su hulɗa da shi, hanin kuwa sai ya ƙara musu son sa.

Akwai abin da littafin ya ratse bai taɓa sosai ba. A zamanin da labarin ya faru akwai bayi a Hanibal, har a gidan su marubucin, domin sai a 1865 aka hana bauta a Amurka duka. Sai a littafi na biyu, wanda ya fito a Ingila a 1884, ya fuskanci maganar, inda Huckleberry ya bi kogi tare da Jim, bawa wanda ya gudu.

Ba kowa ya yi murna da yaran nan ba. A 1905 ɗakin karatu na Burukilin ya janye littattafan biyu daga sashen yara, wai kada su ɓata tarbiyya. Mark Twain ya rasu a 1910. Bayan shekara biyu aka miƙa wa garin Hanibal gidan da ya tashi a ciki, aka buɗe shi don masu ziyara.