Babur a Kan Burji

Wanda duk ya bi babbar hanyar nan ta bayan garin Kaduna mai ɗauke da sunan Nnamdi Azikiwe, ya baro Badiko yana nufin Mando, idan ya iso Kurmin Mashi ya sassauta tafiya ya dubi gefen titi, zai ga abin da ido ya saba da shi har ya daina lura, watau rumfunan kanikawa da na masu walda, ƙasarsu ta yi baƙi ƙirin da baƙin mai, ga kuma tsofaffin babura a jingine, wani ba fitila, wani ba ƙafar baya, wani an farke cikinsa an baza a kan buhu. Baƙo zai zaci maƙabartar ƙarafa ce, alhali kuwa galibin abin da ke jingine a nan bai mutu ba, shirin tafiya ƙauye yake yi. A kan wannan shiri, da yadda aka gaje shi, nake so in yi magana.

Sunan unguwar kansa shaida ne a kan abin da wurin yake a da, domin Bahaushe ba ya kiran fili kurmi sai inda itatuwa suka haɗa kai a bakin rafi, kuma irin wannan wuri shi ne mazaunin ƙudan tsando, wanda cizonsa ke sa wa doki da saniya sammore. Sa'ad da Turawa suka ɗauke hedkwatar Arewa daga Zungeru suka dasa ta a Kaduna cikin 1917, a ƙasar Gwari suka dasa ta, ƙasa mai rafuka da marmara, wadda doki ba ya jin daɗinta kamar yadda yake jin daɗin Kano ko Katsina. Ba banza ba kuma aka kafa cibiyar binciken cutar barci da sammore a garin nan. Jirgin ƙasa ya isa Kano tun 1911, amma jirgi ba ya sauka daga dogo, mota kuwa tana da tsada tana kuma son gada da kwalbati. Tsakanin dokin da ke ciwo da motar da ba ta da hanya aka sami gurbi, babur ya shiga.

Kalmar kanta abar lura ce. A Larabcin Masar da Sudan, babur suna ne na jirgin ruwa mai tafiya da tururi, har ma da rishon girki, kuma a ganina ba nisa tsakanin wannan da namu, tun da yake duka abubuwa ne masu wuta a ciki da huci a waje. Baburan da aka fara sani a nan na Ingila ne, irin su BSA da Triumph da Norton da Matchless, masu nauyi, masu zubar da mai, masu ƙara kamar ana harba bindigar toka. Bature ya hau su ya yi rangadi, soja ya hau su ya kai saƙo a lokacin yaƙin Hitila, kuma daga cikin mutanenmu da suka je Bama suka komo akwai da yawa da suka dawo da ilimin tuƙi da na kanikanci. Daga nan babur ya sauko hannun ma'aikatan gwamnati da na En'e, malamin gona da malamin daji da malamin dabbobi da mai duba makarantu, mutanen da aikinsu ke farawa daidai inda kwalta ta ƙare. Kwalta kuwa a wancan zamani ba ta da tsawo. Yawancin hanyoyin lardi burji ne, jar ƙasa da tsakuwa da lebura suka zuba da kwando suka daɓe, wasu ma ba a binsu sai da rani, kuma idan aka yi ruwa mai yawa akan sa shinge a tsare manyan motoci har ƙasa ta sha iska.

A nan ne al'amarinmu ya rabu da na mutanen da suka ƙera abin. A Ingila, inda hanya ta gyaru tun da wuri, sai da matasa suka bar ta da gangan suka nemi taɓo da tudu don wasa. A 1924 aka yi tseren farko na irin wannan a Camberley, kuma har yau akwai masu sha'awa a can da ke sayen tsohon babur, su ɗaga salansarsa sama, su faɗaɗa kansa, su sa masa taya mai manyan haƙora, su fita da shi ranar hutu su komo da laka a jiki suna murna. Ban raina wannan ba, kowane gauta ja ne sai dai in bai sha rana ba. Wasunsu ma sun nuna jarunta ta gaske: a watan Disamba na 1934 wasu mata biyu, Theresa Wallach da Florence Blenkiron, suka tashi daga Landan a kan babur ƙirar Panther mai akwati a gefe, suka keta Sahara ta Tamanrasset da Agadas, suka gangaro ƙasar Hausa, ba su tsaya ba sai Cape Town cikin Yuli na 1935. Haka kuma tseren Faris zuwa Dakar na farko, wanda ya ratsa Nijar a farkon 1979, Cyril Neveu ne ya ci shi a kan Yamaha XT500. Amma abin da waɗannan suka yi sau ɗaya duniya ta rubuta, malamin gona na Birnin Gwari ko na Kaciya yana yin ƙaraminsa kowane mako, da babbar riga a jikinsa da fayil a ɗaure a baya, ba wanda ya kira shi gwani.

Baburan Ingila sun ja da baya yayin da na Japan suka shigo, Honda da Yamaha da Suzuki, masu sauƙin nauyi da sauƙin tashi, har kamfanin BSA da kansa ya durƙushe cikin 1973. Shekarar da ta cika Kaduna da babura kuwa ita ce 1975, lokacin da aka biya ma'aikata ƙarin albashin Udoji haɗe da bashin watannin baya, akawu da masinja da ma'aikacin masaƙa a Kakuri kowa ya sami abin da bai taɓa riƙewa a dunƙule ba. Mai son ado ya sayi Vespa, wadda ƙananan ƙafafunta ba sa shiri da rairayi. Mai son girma ya sayi Benly, daga baya Roadmaster. Wanda iyayensa ke ƙauye ya sayi Yamaha ko Suzuki mai lamba 100, irin mai hayaƙi, domin mutum biyu na iya cicciɓarsa su haye rafi da shi. A wannan shekara ce kuma Honda ta fitar da CG125, bayan injiniyoyinta sun zaga ƙasashe masu tasowa sun ga yadda ake lafta wa babur kaya, ana kuma barin baƙin mai har ya koma kamar kwalta kafin a juye shi. Sai suka ƙera injin da ke buɗe bawul da 'yan sanduna daga ƙasa, kusa da mai, suka sa masa matatar iska ta soso wadda ake wankewa a mayar. Yawancin baburan Sin da suka biyo baya a kan wannan zubi aka kwaikwaye su, saboda haka bakanike da ya ƙware a ɗaya ya ƙware a goma.

To, amma duk yadda maƙerin can ya yi tunani, bai san hanyar Buruku da damina ba, kuma gyaran da ya rage shi ne kanikawan nan suka ɗauka. Ilimin ba na littafi ba ne, daga bakin maigida yake zuwa kunnen yaro, har kana iya bin silsilarsa kamar isnadi: wane ya koya a wurin wane, wanda ya koya a wurin wani tsohon soja. Idan aka kawo babur aka ce ƙauye zai tafi, abin da ake fara dubawa shi ne faifan haƙora na ƙafar baya wanda sarƙa ke ja, a cire na kamfani a sa wanda ya fi shi faɗi, domin gudu ya ragu ƙarfin ja ya ƙaru, tun da mai hawan tudu da buhu biyu na masara ba gudu ya dame shi ba. Sa'an nan a ƙara shakazoba a baya, su zama huɗu maimakon biyu. A kai wa mai walda ya tsawaita kariya da rodi. A canja wayoyin wili da masu kauri. A ɗaga marfin tayar gaba, domin jar laka idan ta taru a ƙarƙashinsa takan riƙe ƙafar cak ta kayar da mahayi. Wasu sukan yanka tsohon tif su shimfiɗa a cikin taya saboda ƙaya, sauran kuma a tsaga shi ya zama robar ɗaure kaya. Idan silinda ta cinye, a kai wa masu injin rarakewa a sa fistin da ya ɗara na da kauri, a yi haka sau ɗaya, sau biyu, har ƙarfen ya ce ya gaji. Idan kuma kayan gyaran wannan iri sun ɓace daga kasuwa, sai a shiga kasuwar Panteka ko wurin 'yan gwangwan, a ɗauko na wani babur dabam, a auna, a goge, a daidaita. Wannan kiyasi ne tsantsa, kuma kamar kowane kiyasi wani lokaci yakan ɓaci. Ba zan ɓoye ba, kariyar da aka tsawaita fiye da kima takan sa gaban babur ya yi sakayau a kan tudu, kuma birkin da aka yi don mutum biyu ba ya ƙaruwa don an ɗora masa biyar.

Hawan kansa yana da ƙa'idoji waɗanda ba a koya sai da faɗuwa. A kan gargada, tafiyar hankali ita ce azaba, sai an ɗan ba da wuta taya ta riƙa taka kawunan tudun kawai. A cikin rairayi ana rage iskar taya, a ja jiki baya, a bar kan babur ya yi lilonsa, kuma wanda ya taɓa birkin gaba a nan ya nemi ƙasa da kansa. A bakin rafi ana sauka a auna ruwa da ƙafa tukuna, domin idan ya kai fulogi ko ya shiga kafireto, sauran tafiyar turi ce. Da hunturu kuwa ƙura ce abokiyar gaba, mai hankali yakan wanke soson iska kafin ya nemi laifin inji.

Tun daga 1986, da tsarin tsuke bakin aljihu ya karya darajar naira, sabon babur na Japan ya fi ƙarfin ma'aikaci, tsofaffin suka shiga acaba, wadda mutanen Sakkwato da Nijar ke kira kabu-kabu, har Jincheng ta zo daga Sin da araharta, Boxer ta biyo ta daga Indiya da juriyarta. A 2014 gwamnatin Mukhtar Ramalan Yero ta hana acaba a cikin birnin Kaduna, kamar yadda Kano ta yi shekara guda kafin nan, kuma kowace irin wannan doka takan kora babura daga kwalta zuwa burji, ta bi da su ta rumfunan gyara. Akwai kuma ɓangare mai ɗaci wanda ba ya tsallakuwa: siffofin nan da suka sa babur ya kai mai naƙuda asibiti daga ƙauyen da mota ba ta shiga, su ne suka sa 'yan bindigar dajin Birnin Gwari suka mayar da shi dokinsu, har a ƙarshen Satumba na 2021 gwamnatin jiha ta hana hawansa na wata uku, mai laifi da marar laifi.

Dokar ta wuce, rumfunan suna nan. Da hantsi za ka ga an fito da wani babur da ya girmi yaron da ke ɗaure masa sarƙa, tankinsa na wani kamfani, fitilarsa ta wani, kujerarsa ɗinkin mai gyaran kushin na unguwa. Maigida ya taka shi sau biyu, ya kara kunne ya saurari bugunsa, ya ɗan juya sukurun kafireto, sa'an nan ya miƙa wa mai shi, wanda ya riga ya ɗaure buhun taki da galan biyu a baya, ya hau ya nufi Mando.