Daga haƙorin Makka zuwa zakoniya

A yankinmu, daga Ƙanƙara har Faskari da Sabuwa, hular haƙorin da tsofaffin ma'aikatanmu na haƙori suka fara sani ita ce haƙorin Makka. Alhaji ko Hajiya su dawo da ɗan kwanson zinare ko azurfa a kan lafiyayyen haƙori, bayan kwana biyu ya fara tokare na ƙasa, ko ya riƙa cin dasashi. Gyaransa ba wuya, don ƙarfe ne mai laushi. A matse bakinsa da filaya, a rage tudun da ƙaramin dutse, a bi da robar goge. Ɗan abin da ya saura, tauna ce ke cinye shi.

Tangaran ne ya dagula lissafi. Tun 1889 Charles Land ya yi rajistar hular tangaran a Amurka, amma sai bayan 1962, da aka ƙware wajen gasa tangaran a kan ƙarfe, ta zama ruwan dare. Ita ba ta lanƙwasuwa, sai dai ta ɓantale. Dole aka koma ga ɗan tsinke mai garin daimon, ana juya shi da injin iska irin wanda John Borden ya fito da shi a 1957, ruwa na feshi don kada zafi ya tsaga ta.

Takardar cizo kuwa, wadda ake gano tudun da ita, tana nan har gobe, shuɗiya da ja. A busar da haƙori, a sa ta, a ce, "Baba, ciza. Ƙara. To, goga hagu da dama." Takarda mai kauri takan shafa launi ko'ina, sabon hannu ya bi yana ta ragewa. Gwani zobe yake nema, shuɗi a gefe, fari a tsakiya. Nan ne tudun.

Yanzu ga hular zakoniya, wadda kwamfuta ke sassaƙawa, mutanenmu na sawo ta a manyan birane. Tauri gare ta ƙwarai, kuma a nan nake ganin ana ganganci. Wani ya rage ta da daimon, ya sallami mutum haka nan da kaushinta. Wurin sai ya zama magagari, yana cin haƙorin da ke fuskantarsa a hankali, goro kuma ya rine shi. Ƙa'ida ita ce a bi da robar goge mai daimon, mai kaushi, matsakaiciya, sannan mai laushi, har sai harshen mai haƙori ya daina jin wurin. Robar tangaran ba ta isar wa zakoniya, kuma ba kowane ɗakin haƙori ke ajiye tata ba.